Wasiƙar godiya ga garejin saitin ƙafar mota da ke hanyar Fitowa, Garwa

Assalamu alaikum.

Baba mai gareji, ina gaishe ka da aiki, kai da yaranka baki ɗaya. Da gangan na rubuta wannan a bainar jama'a, domin ranar da na zo ɗaukar motata a tsaye na yi godiya, ana kiran la'asar kowa yana neman buta, kuma tun daga ranar nake jin da sauran bashi a kaina. Yau wata huɗu ke nan. Na dakata ne tayoyin su ba da shaida kafin in buɗe baki, ga shi sun bayar.

Ga waɗanda ba su san zancen ba, motata Corolla ce ƙirar 2004, ruwan toka. Bara bayan babbar sallah ƙanena ya zuga ni mu sauke ta ƙasa, wai mota ba ta kyau sai ta kwanta. Kada in ɗora masa laifin duka, ni ma raina yana so. Muka kai ta wurin wani a bakin titi, ya sa injin yanka ya datse zagaye biyu daga kowane sifirin. Da yamma muka bi ta gaban filin wasa na Rumde Ajiya, samari suna waiwayenmu, ni kuwa kaina ya kumbura. Ba a yi wata uku ba tayoyin gaba suka cinye ta ciki har waya ta leƙo, alhali ta waje kamar jiya aka saye su. Na sa wasu, su ma suka kama hanya ɗaya. Sitiyari ya karkace, mota tana ja dama, idan ta faɗa rami sai ta yi kamar za ta zaɓi hanyarta da kanta. Sau biyu ana yi mini abin da a nan muke kira faralelizim da bakin Faransanci, 'yan'uwanmu na Najeriya kuma suke ce wa alaimen, wato saitin ƙafar mota. An kwance, an ɗaure, an karɓi kuɗi, ciwo yana nan.

Abin da ya fara ba ni mamaki a wurinka, Baba, shi ne ba ka hau da ita kan na'ura ba. Tef ka ɗauko ka auna daga tsakiyar kowane wili zuwa bakin jikin mota, kusurwa huɗu, sai ga hagu ta fi dama sauka da sama da santimita ɗaya. Sannan ka kama hannuna ka shafa shi a kan tayar gaba, daga ciki zuwa waje, daga waje zuwa ciki. Gefe ɗaya sumul, ɗayan yana kartar tafin hannu kamar haƙoran zarto. Ka ce mini, "Ɗana, wannan tayar jan ta ake yi a ƙasa, ba birgima take ba."

Bayanin da ka yi mini a ranar shi ne dalilin wannan wasiƙa, don haka bari in maimaita shi yadda na fahimta, ko wani zai amfana. Ka ce abu uku ake dubawa a ƙafar mota. Na farko jinginar taya, wanda ake kira kamba: idan aka tsaya a gaban mota, saman tayar yana jingina ciki ko waje. Mota idan aka sauke ta, hannuwan da ke riƙe da ƙafa suna barin kwanciyar da kamfani ya yi musu, sai saman tayoyi ya shige ciki, ƙasansu ya buɗe, motar ta zama mai gwame. Na biyu inda bakin tayoyin ke kallo, ko suna haɗuwa ta gaba ko suna warewa kamar tafiyar agwagwa. Na uku kasta, wato kwanciyar sandar da ƙafa ke juyawa a kanta, irin yadda ƙafar gaban babur take kwantawa baya, kuma ita ce ke dawo da sitiyari tsakiya bayan an sha kwana.

Ni duk a zatona gwamen ne ke cin taya, tunda shi ido ke gani. Ka ce yana ci, amma ɓarawon gaske shi ne bakin tayar, don sauke mota yana canza kwanciyar tayirod, ƙarfen da ke haɗa sitiyari da ƙafa, shi kuma sai ya ja bakin tayar daga inda yake. Yaronka mai dogon wuyan nan da ke riƙe da kwamfuta ya buga lissafi a waya ya nuna mini: taya idan ta kauce da rabin digiri kacal, a kowace kilomita ana jan ta a kaikaice kusan mita 9. Daga Garwa zuwa Marwa sama da kilomita 200 ne, ke nan kusan kilomita 2 ana goga roba a kan kwalta kamar ana wasa wuƙa. Ka haɗa da zafin watan Afrilu na garin nan, lokacin da ma'auni ke haura 40, sai ka gane inda kuɗina suka tafi.

Daga nan ka gaya mini abin da ban so ji ba. Shokozoba biyu na gaba sun zubar da mai saboda an rage musu wurin motsi, motar tana zaune a kan robar da ke tare su, boljoyin ɗaya, wato gaɓar da ke haɗa ƙafa da hannunta, yana wasa, bushin hannun ƙasa, wato robar da ke mahaɗarsa da jikin mota, ya tsage. Ka ce ba za ka karɓi kuɗin saiti a kan sifirin da aka yanke ba, domin lambar da na'ura ta nuna yau gobe ba ita ba ce. Na ji haushi a lokacin, ba zan ɓoye ba. Na ɗauka hanyar ƙara kuɗi ce. Sai da ka ce in je in sayo kayan da kaina inda na ga dama, kai aikin hannu kawai za ka caja, sannan kunya ta kama ni.

Wani abin da na yaba shi ne ba ka yi mini wa'azi a kan in mayar da motar tsayinta na asali ba. Ka dai ce idan ƙasa nake so, a nemo sifirin da aka ƙera don haka, wanda zai sauke ta kamar santimita 3, kada a wuce nan saboda hanyoyinmu. Da aka sa, na ga yaranka ba su ɗaure kusoshin bushi tana rataye a sama ba, sai da suka sauke ta nauyinta ya zauna a kan ƙafafunta, don kada robar ta kwana a murɗe ta tsage da wuri. Sannan ka kore ni, ka ce in je in yi yawo kwana 10 sifirin ya zauna, in dawo a yi saiti. Wani da a ranar zai gama ya karɓi kuɗinsa.

Ranar saitin sai da aka daidaita iskar tayoyi da abin da ke rubuce a jikin ƙofar direba, aka ce in zauna a kujerata. Lambobin da kwamfuta ta zo da su na Corolla ne mai tsayin kamfani, ka ce tawa ta riga ta bar wannan littafin, don haka za a bi shi inda ya yiwu, inda bai yiwu ba a bi hankali. Aka sa kusa mai doro a inda shokozoba ke kama ƙafa, aka rage gwamen ya dawo wajen digiri 1, hagu da dama daidai wa daida, don ka ce bambancin da ya haura rabin digiri tsakaninsu yana sa mota ja gefe. Bakin tayoyin aka miƙar da su, da ɗan haɗuwa kaɗan ta gaba. Kasta aunawa kawai aka yi, tunda a wannan motar ba ta da wurin gyara, amma tana tona asiri idan wani ƙarfe ya lanƙwashe. Ƙafar baya kuma ka ce ƙarfe ɗaya ne ya haɗa tayoyin biyu, babu kusar saiti a wurin, ta fito lafiya, ba za ka caje ni kuɗin abin da ba ka taɓa ba.

Tun daga nan na je Marwa sau uku ta Figil, na je Ngaundere sau ɗaya. A hawan dutsen nan mai kwana-kwana kafin a shiga Ngaundere, inda a da nake riƙe sitiyari kamar mai kokawa, wannan karon har hira nake da mai ɗakina. Jiya na durƙusa na shafa tayoyin kamar yadda ka koya mini, ciki da waje duk ɗaya. Tudun rage gudu ma yanzu a hankali nake hawansa, a kaikaice, tunda ka nuna mini tabon da ke jikin kaskon mai na ƙasan inji.

Ƙorafina ɗaya ne, Baba, kuma na ɗa ne ga uba: bencin jira yana cikin rana daga azahar, a taimaka a matsar da shi ƙarƙashin dalbejiyar nan. Ka gaishe mini da yaron kwamfuta da ƙaramin da ya sayo mana shayi. Allah ya ƙara buɗi, ya albarkaci hannu, ya raya zuriya. Ka ce in dawo a sake aunawa idan damina ta wuce, in sha Allahu ina tafe, kuma tare da ƙanen nawa, don shi ma tasa motar ta fara cin taya ta ciki.

Naka,
Mai Corolla ruwan toka,
Unguwar Yelwa, Garwa.