Wa zai ci tserensa na farko a Formula 1? Ni na tsaya a kan Antonelli

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina gaishe ka da abokan aikinka na sashen wasanni, da fatan ana aiki lafiya. Ni bakanike ne, na haura shekara ashirin ina kwance inji ina ɗaurawa, kuma tun lokacin da Michael Schumacher yake jan zarensa da jar motar Ferrari nake bin tseren Formula 1. Na ji daɗi ƙwarai da kuka ware wa tseren motoci 'yan mintuna a shirinku na ranar Asabar, domin ƙwallon ƙafa ta saba cinye lokacin duka. Tambayar da kuka jefo wa masu sauraro ita ce: cikin direbobin da ba su taɓa cin tsere ba, wa zai fara ci a kakar 2026? Na yi ta kira layi a cike, shi ya sa na ɗauki alƙalami tun kafin a buɗe kakar. Ni dai Kimi Antonelli, matashin direban Mercedes, na zaɓa.

Yawancin waɗanda suka kira Nico Hülkenberg suka zaɓa, kuma na san dalilinsu, don ni ma abin ya taɓa ni. Duk wanda ya kalli tseren Silverstone ta Ingila na watan Yulin 2025 ba zai manta ba. Mutumin nan ya tashi daga na 19, ruwa na sauka yana ɗaukewa, ya yi ta canjin taya a daidai lokacin da ya dace, ya hana Lewis Hamilton wuce shi, ya ƙare a na uku da motar Sauber. Wannan ne karon farko da ya hau dandamalin karɓar kofi, inda ukun farko suke tsayawa, a tserensa na 239. A garejinmu yaran da ba su san komai game da tsere ba sai da suka tafa. Kuma ba yau ya fara nuna gwaninta ba. A 2010, shekararsa ta farko, ya samu gurbin gaba, wato na farko a layin tashi, a Barazil da motar Williams. A 2012 a wannan filin dai ya jagoranci tsere da motar Force India kafin ya yi karo da Hamilton. A 2015 ya ci tseren awa 24 na Le Mans da Porsche. Babu direban da ya yi tsere da yawa kamarsa ba tare da nasara ba a tarihin gasar. Da zuciya ake zaɓe, da shi zan zaɓa.

Sai dai abin da na koya a sana'ata shi ne, direba komai iyawarsa abin da ke ƙarƙashin bonet ne yake kai shi gida. Mu duba waɗanda suka fara cin tsere daga 2019 zuwa ƙarshen 2025. Su takwas ne. Charles Leclerc ya ci a Beljiyam a 2019 da Ferrari, kwana ɗaya bayan rasuwar abokinsa Anthoine Hubert a wannan fili. Carlos Sainz ya ci a Silverstone a 2022, shi ma da Ferrari, a tserensa na 150. George Russell ya ci a Barazil a ƙarshen wannan shekarar da Mercedes. Lando Norris ya ci a Miami a 2024, Oscar Piastri ya biyo bayansa a Hungari bayan wata biyu da 'yan kwanaki, dukkansu da McLaren. Biyar ke nan, kuma kowannensu yana zaune ne a motar babbar ƙungiya.

Ragowar ukun su ne suke sa mutane mafarki, don haka bari in ɗan tsaya a kansu. Pierre Gasly ya ci a Monza a 2020 da AlphaTauri ranar da aka hukunta Hamilton saboda ya shiga wurin canjin taya alhali an rufe shi, kuma aka tsayar da tseren bayan haɗarin Leclerc. Sergio Pérez ya ci a Sakhir ta Bahrain a watan Disambar wannan shekarar, a tserensa na 190, bayan ya koma na ƙarshe a zagayen farko. Amma sai da makanikan Mercedes suka cakuɗa tayoyin direbobinsu biyu, suka ɓata wa Russell tseren da yake hannunsa. Esteban Ocon ya ci a Hungari a 2021 da Alpine bayan Valtteri Bottas ya tumɓuke motocin gaba a kwanar farko, Hamilton ya tsaya shi kaɗai a layin tashi da tayar ruwa alhali titi ya bushe, sannan Fernando Alonso, abokin ƙungiyar Ocon, ya tsare Hamilton zagaye bayan zagaye har lokaci ya ƙure masa. Ba na rage wa ɗayansu komai, don sai mai natsuwa ne yake iya riƙe abin da ya faɗo masa. Amma kowace daga cikin nasarorin nan sai da manya biyu ko uku suka faɗi a rana ɗaya kafin ta samu. Kuma ku lura, duka ukun sun faru ne a cikin wata goma sha ɗaya. Tun daga ranar Ocon har ƙarshen kakar 2025, babu motar da ta ci tsere sai ta Red Bull, ko Mercedes, ko Ferrari, ko McLaren. Sama da shekara huɗu ke nan ƙofar a kulle take.

To, idan haka ne, lissafin ya zo da sauƙi. Direbobi 22 ne za su fito a 2026, tunda Cadillac ta shigo a matsayin ƙungiya ta 11, ta ɗauko Pérez da Bottas waɗanda dama sun taɓa ci. Goma ne ba su taɓa ci ba. A cikin kujeru takwas na manyan ƙungiyoyin nan huɗu kuwa, mutum biyu ne kawai suka rage: Kimi Antonelli a Mercedes, da Isack Hadjar wanda aka ɗaukaka zuwa Red Bull.

Hadjar yaro ne da nake so. Bafaranshe ne ɗan asalin Aljeriya, kuma na ga irin zuciyarsa. A tserensa na farko a Ostireliya ya buga motarsa tun a zagayen ɗumama taya, ya fito yana kuka, mahaifin Hamilton ya je ya rungume shi. Bayan wata biyar da rabi ya zo na uku a Zandvoort ta Holan da ƙaramar motar Racing Bulls. Akwai ma wani tarihi da yake goyon bayansa, wanda ban ji kowa ya ambata a shirin ba. A 2014, shekarar da aka sauya dokar inji, wanda ya fara cin tserensa na farko shi ne Daniel Ricciardo, sabon zuwa a Red Bull, yana zaune kusa da Sebastian Vettel mai kambu huɗu. Ya ci a Kanada ranar da na'urar lantarkin motocin Mercedes biyu ta samu matsala. Yanzu ma ga sabuwar doka, ga sabon zuwa a Red Bull, ga Max Verstappen mai kambu huɗu a gefensa. Kamannin ya yi yawa.

Abin da ya hana ni bin wannan shi ne kujerar kanta. Tun da Ricciardo ya bar ƙungiyar a ƙarshen 2018, Gasly ya zauna a kanta bai kai shekara ba aka sauke shi, Alex Albon ya zo ya tafi, Liam Lawson tsere biyu kawai aka ba shi, Yuki Tsunoda ya ƙare kaka bai hau dandamali ba. Pérez ne kaɗai ya ci tsere a kanta, kuma nasararsa ta ƙarshe tun watan Afrilun 2023 ce a Baku. Ranar da motar Red Bull ta isa ta ci tsere, Verstappen ne yake ci. Sannan ga batun inji. A 2014 injin Renault suke amfani da shi, kamfanin da ya daɗe a harkar. A 2026 kuwa, karon farko ke nan da za su fito da injin da suka ƙera da kansu, tare da haɗin gwiwar Ford. Duk wanda ya taɓa ɗaura sabon inji ya san sai ya yi tafiya kafin ya nuna halinsa. Haka zancen yake ga Audi, wadda ta karɓi Sauber, inda Hülkenberg yake: sabon inji, sabuwar tafiya, shi kuma yana da shekara 38 a farkon kakar 2026.

Sauyin dokar na 2026 ba ƙarami ba ne, kuma a nan ne nake so masu sauraro su sa ido. Ƙarfin lantarkin motar zai tashi daga kilowat 120 zuwa 350, wato kusan rabin ƙarfin motar daga batir zai fito. An cire na'urar da take samar da wuta daga zafin hayaƙin salansa. Man da za a zuba ba na rijiya ba ne, wanda aka sarrafa ne. Fikafikan gaba da na baya za su riƙa motsi, motar kuma ta rage girma da nauyi. Direba zai koma yana lissafin inda zai tara wuta da inda zai kashe ta, kwana bayan kwana. Lokacin ƙarshe da aka yi wa inji irin wannan juyi, Mercedes ta ci tsere 16 cikin 19, ta kuma riƙe kambun ƙungiyoyi shekara takwas a jere. Wannan ba ya nufin dole tarihi ya maimaita kansa, amma idan aka ce in sa hannu a kan masana'anta ɗaya da ta san hanyar haɗa fetur da lantarki, tasu zan nuna. Ga shi a 2025 ma su ne na biyu a teburin ƙungiyoyi, Russell ya ci Kanada da Singafo. Motar da Antonelli yake tuƙawa ta riga ta san hanyar nasara.

Shi kansa yaron fa? An haife shi a Bologna ranar 25 ga Agusta, 2006, aka ɗora shi a kujerar da Hamilton ya bari yana ɗan shekara 18. Ba zan ɓoye ba, tsakiyar kakarsa ta farko ta yi muni. A Ostiriya birki ya ƙwace masa ya kwashe Verstappen a zagayen farko. A Zandvoort ya buge Leclerc ya fitar da shi. Tseren Turai da yawa ya tashi a tutar babu, har aka fara cewa an yi gaggawar kawo shi. Amma ku duba farko da ƙarshe. A Ostireliya, cikin ruwan da ya kayar da manya, ya taso daga na 16 ya zo na huɗu. A Miami ya samu gurbin gaba a gajeren tsere. A Kanada ya zo na uku. Wanda ya fi gamsar da ni shi ne na Barazil a watan Nuwamba: zagayen ƙarshe-ƙarshe Verstappen ya manne masa a baya da sababbin tayoyi, yaron bai firgita ba, bai bar masa ƙofa ko ɗaya ba, ya riƙe na biyu. A Las Vegas ya taso daga can baya, ya lallaɓa taya ɗaya kusan tseren duka, daga baya ya koma na uku da aka soke sakamakon motocin McLaren. Ya gama shekara a na bakwai da maki 150, maki shida kacal a bayan Hamilton. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Na san abin da za a ce mini: ai shi ma yana da Russell a gefensa, kamar yadda Hadjar yake da Verstappen. Gaskiya ne, kuma Russell ya fi shi nesa a 2025. Bambancin shi ne a Mercedes ba a ƙera mota don hannun mutum ɗaya ba. Nico Rosberg ya ci tsere da yawa har da kambu yana tare da Hamilton, Bottas ma ya ci goma. Idan motar ta yi kyau, akwai ranar da Russell zai makara a tashi, ko canjin taya ya ci masa lokaci, kuma na kusa da shi ne zai amfana. Haka Piastri ya samu tasa yana tare da Norris.

Idan kuwa sababbin injuna suka yi ta mutuwa a farkon kaka, ƙofar da ta rufe tun 2021 ta sake buɗewa, to Albon nake kallo kafin Hülkenberg, saboda ƙungiyarsa Williams ta zo ta biyar a 2025 kuma injin Mercedes ne a cikinta. Matsalarsa ɗaya, duk ranar da dama ta samu a 2025 abokin ƙungiyarsa Sainz ne ya cafke ta, a Baku da Ƙatar. Oliver Bearman ya zo na huɗu a Meziko da Haas, ya iya tuƙi sosai, amma nasararsa sai ya sauya mota. Lance Stroll yana da gwanin zana motocin tsere Adrian Newey da injin Honda a Aston Martin, sai dai Alonso yana gabansa.

Don haka ga hasashena, ku rubuta shi: Kimi Antonelli ne zai zama sabon mai nasara na gaba, kuma ina sa ran zai yi hakan kafin hutun watan Agusta, wato kafin ya cika shekara 20. Ba zai iya karya tarihin Verstappen ba, wanda ya ci a Sifaniya a 2016 yana ɗan shekara 18, amma zai shiga gaban Vettel da ya ci Monza a 2008 yana da 21. Italiya kuma za ta samu abin da ta rasa tun watan Maris na 2006, lokacin da Giancarlo Fisichella ya ci a Maleziya, wata biyar kafin a haifi yaron. Allah ne masanin gobe, amma a nan hujjojina suka tsaya.

Roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne ku ci gaba da ba tseren motoci wuri a shirin, ko da minti biyar ne, musamman daga ranar 8 ga Maris da za a buɗe kaka a Melbourne. Mu masu binsa muna da yawa a gareji-gareji da tashoshin mota fiye da yadda ake zato. Kuma in Allah ya kai mu ranar da aka samu sabon mai nasara, ku sake buɗe layi, zan kira ko da wa ya ci.

Allah ya ƙara basira, ya bar zumunci.

Naku mai sauraro a kullum,
Wani bakanike daga Zariya