Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Gwamnan jihar Maradi: a daina sallamar mai keke da kuɗin ɗori

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum. Allah ya taya riƙo.

Maganata a kan mai keke ce, wanda mota ke kaɗewa a titunan Maradi, a ɗaga shi daga kwalta, a ce masa "kai ne da laifi", a danƙa masa jaka biyar ko goma, kowa ya kama gabansa. Ba kwansta, wato binciken da jami'ai ke yi a wurin haɗari, ba takarda, ba wanda ya tambayi asirans ɗin motar. Wannan abu ya zama jiki a garin nan har mutane na tsammanin haka doka ta ce, alhali abin da doka ta ce daban ne.

Ka fi ni sanin dokar. Nijar na cikin ƙasashen da suka sa hannu a yarjejeniyar CIMA, wadda ta haɗa wasu ƙasashen Afirka a kan harkar asirans, a Yawunde cikin 1992, kuma tun 1995 ake aiki da kundinta na asirans. Aya ta 200 ta wajabta wa duk abin hawa mai inji, in ban da na gwamnati, asirans saboda ɓarnar da zai yi wa wani. Aya ta 228 kuwa, wadda ita ce ta sa na ɗauki alƙalami, cewa ta yi duk wanda haɗari ya ji wa rauni a jiki, muddin ba shi ke tuƙa abin hawa mai inji ba, za a biya shi diyyar rauninsa, kuma ba a kafa masa hujja da kuskurensa, sai fa idan da gangan ya nemi abin ya same shi. Keke ba shi da inji. Ke nan ko mai keken ne ya kutso ba tare da ya duba ba, kuɗin magani da diyyar naƙasa suna wuyan kamfanin asirans ɗin motar. Inda kuskurensa ke rage masa haƙƙi, ko ya hana shi baki ɗaya, shi ne wajen dukiya, wato keken da kayan da ya ɗauko. Mutum nawa suka san wannan a Bagalam ko a Mokoyo?

Ina da maƙwabci, dattijo, da keke yake ɗauko zogale daga Jiratawa tun da asuba ya kawo kasuwa. Mota ta buge shi ta baya, cinyarsa ta karye. Direban ya tsaya, ya fito jikinsa na rawa, kuma ban ga alamar mugunta tare da shi ba. Kafin a ankara jama'a sun taru. Wani ya ce, "Baba, ai kai ma ba ka da fitila." Wani ya ce ƙaddara ce, a yi haƙuri, kada a kai musulmi gaban hukuma. Aka gusar da motar don a buɗe hanya, aka kwashe buhun zogalen da ya tarwatse, shaidar wurin ta tafi ke nan. Direban ya kai shi asibiti, ya biya ordonans ta farko. Da ta biyu ta fito, waya ta daina shiga. Iyalinsa suka sayar da akuyarsu, da kuɗin suka ƙare aka mayar da shi gida wajen mai ɗori. Yau ƙafar ta gajarce, da sanda yake zuwa masallaci, keken na jingine a zaure da lanƙwasasshiyar ƙafar baya. Ba wanda ya rubuta lambar motar, domin duk an ɗauka magana ta ƙare tun da an yi sulhu.

Ba na ƙin sulhu, ranka ya daɗe. Addininmu ya yaba shi, kuma da shi muke zaune lafiya. Amma wane irin sulhu ne za a ƙulla da mutumin da ke kwance cikin jini, bai san girman rauninsa ba, bai san abin da doka ta ba shi ba? Yafiya ta mai haƙƙi ce bayan ya san haƙƙinsa. Shi kansa direban da ya biya asirans cutuwa yake yi, tunda yana zaro kuɗi daga aljihunsa a kan abin da ya riga ya biya kamfani ya ɗauke masa. Mai cin ribar wannan gaggawa shi ne wanda ke yawo da mota ba asirans, don shi ne ba ya son a buɗe takardu.

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Masu kekenmu na tafiya cikin duhu ba fitila, suna bin hannun da ba nasu ba, suna ɗaura kayan da ya fi faɗin hanyarsu. A yi musu faɗa, a tilasta musu fitila, ba zan ce uffan ba. Sai dai rashin fitila bai soke aya ta 228 ba.

Komai ya rataya ne a kan takarda guda. Aya ta 230 ta ce jami'an da suka yi kwanstan haɗarin da aka ji rauni su aika wa kamfanonin asirans kwafin rahoton da kansu, cikin wata 3 daga ranar haɗarin. Da wannan rahoto da takardar likita ne kamfani ke gabatar da tayin diyya cikin wa'adin da doka ta yanka masa. Idan ba a kira ƴan sanda ko jandarmomi ba, babu rahoto, idan babu rahoto kuma, talaka ba shi da abin riƙewa ko da ya isa ƙofar kamfanin. Doka ta ba shi har shekara 5 ya nemi haƙƙinsa, amma da me zai nema?

An ce mana zancen ƙasa ne, an ce lokacin gyara ya zo, mun kuma amsa. Akwai hukumar ANISER da aka kafa don kiyaye haɗuran hanya, akwai Lahadi ta uku ta watan Nuwamba da duniya ta keɓe don tunawa da waɗanda hanya ta ci. To ga gyaran da ba ya buƙatar siminti ko rancen waje. Dokar na nan a rubuce, da Faransanci, a cikin ofis, masu buƙatarta kuwa suna kan keke tsakanin Tibiri da babbar kasuwa, suna goga kafaɗa da manyan motocin da ke bin hanyar Ɗan Isa.

Don Allah, ranka ya daɗe, ka ba da umarni cewa duk haɗarin da aka ji rauni a jihar nan sai an yi masa kwansta, ko ɓangarorin sun ce sun sasanta, kuma a bi sawun rahoton har ya isa inda doka ta ce cikin watanni ukun nan. A sa a karanta waɗannan ayoyi da Hausa a gidajen rediyon garin nan, a sanar da masu unguwanni da limamai da shugabannin tashoshi, domin su ake kira idan za a yi sulhu. A liƙa takarda a ƙofar sashen gaggawa na asibitoci mai gaya wa dangin majinyaci su riƙe lambar mota, sunan kamfanin asirans da takardar likita. Binciken asirans a kan hanya ma ya zama na gaske. Maganar fitilun titi da gefen kwalta da rairayi ya cinye, wannan sai wani jiƙon.

Idan ofishinka ya sa rana don jin bakin waɗanda abin ya shafa, zan kawo maƙwabcina da kaina, kuma kowace unguwa tana da wanda za ta kawo.

Wassalam.

Wani mazaunin unguwar Zariya, Maradi