A riƙa kawo mana labarin bishiyar fain ta kan tsaunin ƙanƙara

Malam Edita, Assalamu alaikum.

Don Allah shafin kimiyyarku ya ɗan leƙa batun bishiyar fain mai farin ɓawo (wata bishiya mai ganye kamar allura, whitebark pine a Turance) ta tsaunukan Roki a Amurka da Kanada, wallahi abin al'ajabi ne kuma tana neman ƙarewa.

Ita fa 'ya'yanta basa tsagewa da kansu iri ya zube, wani tsuntsu ne dangin hankaka yake fasawa da baki ya kwashi ƙwaya a wata 'yar jaka ƙarƙashin harshensa yaje ya bizne a ƙasa, tsuntsu ɗaya dubbai yake ɓoyewa saboda lokacin sanyi, to wanda ya manta bai tono ba shi ke tsirowa in ƙanƙara ta narke. Shi yasa sai kaga bishiya uku huɗu sun fito daga rami ɗaya. Can ƙololuwa inda iska ke kaɗawa ba ta ma iya miƙewa, sai ta kwanta a karkace, ƙanƙarar da ta lulluɓe ta ce ke kare ta. Girmanta kuwa sai haƙuri, shekaru gomomi take yi kafin ta fara 'ya'ya.

Abin da ke damuna, wata cutar fangas da ta shigo daga Turai da ƙwaron dake huda ɓawo suna ta kashe ta, ɗumamar yanayi kuma ta ƙarawa ƙwaron ƙarfi. A 2022 Amurka ta saka ta cikin jerin masu fuskantar barazana, yanzu har renon masu jure cutar akeyi ana dasawa.

Nagode,
Mai karatunku.