Wasiƙa zuwa ga Dogo

Dogo,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya iyali, ya ƙoƙari? Ka gaishe min da Maman Yara, ka ce mata gaisuwar da na aiko mata tun tuni ban ji amsarta ba, ko kai ne ka cinye ta a hanya. Kai kuwa ban san ta inda zan fara maka ba. Shiru kamar an aiki bawa garinsu, sai dai in ga alamar ka buɗe saƙo ka wuce abinka. Na ce in ban rubuto ba, wata rana sai mu haɗu muna yi wa juna "ranka ya daɗe". Akwai kuma abin da nake so in roƙe ka, amma bari in fara ba ka labarin Auta, don tun shekaranjiya yake cina.

Ka san ya daɗe yana neman wurin aikinsu su ba shi hutun ƙaro karatu. To takarda ta fito. Cikin dare ya kira ni, murya na rawa, wai an hukunta shi, bai san laifin da ya yi ba. Har ya fara rubuta takardar ban haƙuri, ya kai sakin layi na biyu! Na ce tsaya, karanto min abin da aka rubuta. Sai ya karanto: "Your study leave has been sanctioned by the management." Dogo, dariya na yi har na ƙware. Na ce kai Auta, yaga takardar ban haƙurin nan ka je ka haɗa kayanka, amincewa aka yi maka. Bai yarda ba sai da na sa ya duba ƙasan takardar, ya ga ranar da hutun zai fara da ranar da zai dawo.

Ban ga laifinsa sosai ba. Yaron nan duk inda ya taɓa cin karo da sanction, a labarai ne, inda ake cewa an ƙaƙaba wa wata ƙasa takunkumi. Ba wanda ya taɓa gaya masa cewa kalmar baki biyu gare ta, tana nufin hukunci, tana kuma nufin izini.

Washegari na kai maganar gaban Ustaz, ka san halinsa, bai taɓa jin abin da bai riga ya sani ba. Ya ce ai wanda ya rubuta takardar ne bai iya Turanci ba. Nan muka raba rana. Na ce masa ma'anar amincewa ba baƙuwa ba ce, a matsayin aikatau ma ta girmi ta hukunci nesa ba kusa ba. Tun ƙarni na 18 ake cewa hukuma ta yi sanctioning ɗin abu da nufin ta amince da shi, amma amfani da aikatau ɗin da nufin a hukunta mutum sai a ƙarni na 20 ya bazu. Asalinta daga Latin ne, sancire, wato a tsarkake abu, a tabbatar da shi ya zama ba ya taɓuwa, tushensu ɗaya da saint. A dokokin Rumawa akwai sashen da ake kira sanctio, wanda yake faɗin abin da zai sami duk wanda ya karya dokar. Ka ga inda hanyar ta rabu: ikon da ya ɗaure wa doka gindi shi ne yake halatta abu, shi ne kuma yake damƙar wanda ya saɓa. Ustaz ya yi shiru, can sai ya ce ai da ma abin da yake nufi ke nan. Allah ya bar mu da Ustaz.

Af, ka ji ya sayi mota? Wata uku tana ajiye an lulluɓe ta, wai sai ya gama nazarin littafin dokokin hanya. Kawu ya ce kafin ya gama, tayoyin sun tsiro saiwa.

Ma'anar takunkumi kuwa, da ta danne sauran a kunnen mutane, siyasar duniya ce ta ɗaga ta. A 1935 da Italiya ta mamaye Habasha, ƙungiyar ƙasashen da ta gabaci Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa mata takunkumin kasuwanci, amma ba ta haɗa da man fetur ba, shi ya sa abin bai hana shugaban Italiya Mussolini komai ba, a 1936 aka janye. Ita Majalisar Ɗinkin Duniya takunkuminta na farko mai tilas a kan Rodeshiya, wato Zimbabuwe ta yau, ya faɗa a 1966, sai na makamai a kan Afirka ta Kudu a 1977, sai na Iraƙi a Agustan 1990 bayan ta shiga Kuwait. Abin da ya fi ba ni mamaki, sashe na 41 na kundin Majalisar, wanda ake kafa hujja da shi, kalmar ba ta cikinsa. Cewa kawai ya yi matakan da ba su haɗa da ƙarfin soja ba. Na san kana can kana hamma, ka yi haƙuri, kai ka zaɓi abota da ni.

Ga yadda na koya wa Auta rabewa, ka adana ko don 'ya'yanka. In ka gan ta da s a ƙarshe, sanctions, kuma tana tafe da impose ko lift, ko on da against suna bin ta, to hukunci ne, ba tantama. In kuwa ba jam'i ba ce kuma of na bin ta, kamar a ce an yi abu "without the sanction of the board", to izini ne ba a samu ba. Matsalar tana wurin aikatau. Nan sai ka dubi abin da aikin ya faɗa kansa. In a kan aiki ne ko buƙata ko kashe kuɗi, kamar hutun Auta, amincewa ce. In a kan mutum ne ko kamfani ko ƙasa, kusan kullum hukunci ne. "The club sanctioned the transfer", kulob ya yarda a sayar da ɗan wasa. "The club sanctioned the player", ɗan wasa ya shiga uku. Amma a ce "the committee sanctioned his conduct" fa? Wannan ko Bature sai ya karanta abin da ya biyo baya kafin ya san yabo ne ko duka.

Shi ya sa ni dai ra'ayina, duk mai rubuta wa ma'aikaci takarda ya rabu da ita. In amincewa ce, ga approve nan, ga authorise. In hukunci ne, a faɗi irinsa: fine in tara ce, suspend in dakatarwa ce, penalise in ba a son bayani. Takardar ofis ba wurin nuna gwaninta ba ne, mutum ne zai karanta ta da dare shi kaɗai, abincinsa a ciki. Da Auta ya miƙa takardar ban haƙurin nan, ka yi tunanin tambayar da shugabansa zai yi masa: haƙurin me, me ka yi da ba mu sani ba?

Wannan ya tuna min da kai da corporal punishment, lokacin da ka tsaya gaban aji ka ce hukuncin da kofur yake yankewa ne. Kada ka ce ba ka yi ba, Na-Baya yana raye, shi ne shaida. Har yau in na ga kalmar sai na ga fuskar malamin nan yana bayani cewa daga corpus take, wato jiki, bulala ke nan, ita kuma capital punishment daga caput, kai, wato kisa. Kai kuma ka ɗaga hannu ka ce to me ya haɗa ta da babban birni. Abin haushin, ashe tambayarka tana kan hanya, tushensu ɗaya, babban birni shi ne kan ƙasa. Kada dai kanka ya kumbura.

Na-Baya ya samu ƙaruwa, namiji, na huɗu a jere, matarsa ta ce ta haƙura da neman mace. Gwaggo jiki ya yi sauƙi, tana tafiya da sanda amma bakin na nan yadda ka san shi, kullum sai ta tambaya ko ka manta da mutane ne. Ban san me zan riƙa ce mata ba, don haka ka kira ta da kanka, ka daina sa ni ƙarya.

Auta zai tashi ƙarshen wata, kuma hanyarsa ta wajenku za ta bi. Na ba shi lambarka. Ka karɓe shi kwana biyu, kada ka tayar masa da maganar takardar nan a gaban Maman Yara, ya roƙe ni kada in gaya wa kowa.

Naka,
Gajere