Masu zana giyar inji a kwamfuta, a daina barin x a sifili

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in yi magana da abokan sana'ata masu yanka ƙarfe a Kano, da malaman da ke koya wa yaranmu zanen kayan inji a kwamfuta.

Ni a Sharaɗa nake, aikina yanka giya, wato ƙarfen nan mai haƙora da ke juyawa a cikin inji. Abin da aka fi kawo mana shi ne ƙananan giyoyin da suka kakkarye a injin casar shinkafa, ko na matsar man gyaɗa, ko na buga leda, irin waɗanda ko ka zaga Ƙofar Ruwa kaf ba za ka samu ba. Yanzu matasa suna zana giya a manhaja su miƙa wa injin CNC, wanda kwamfuta ke sarrafawa, ya yanka, kuma wallahi ina murna da wannan ci gaban. Amma da yawa daga giyoyin nan ba sa daɗewa, sai a ɗora wa ƙarfe laifi. Ni abin da nake gani, akwai gurbi ɗaya a manhajar mai harafin x, na gusa haƙori waje ko ciki, ana barin sa a sifili yadda aka same shi.

Giya mai kusurwar haƙori ta digiri 20, wadda ita ta fi yawa a injinan da ke hannunmu, idan haƙoranta suka gaza 17, wuƙar yanka tana ƙwaƙule gindin haƙorin, ya fito da siririn ƙugu kamar zanzaro. Daga nan yake karyewa. Masu ƙera injin sun san haka, shi ya sa suke ja da wuƙar baya kaɗan daga tsakiyar ƙarfen, gindi ya yi kauri, giyar ta ɗan ƙara faɗi.

Ga misali. A ce an kawo maka giya mai haƙora 12, ka auna faɗinta ka samu milimita 43.8. Yaro zai yi lissafin da aka koya masa, ya raba da 14, wato yawan haƙora a ƙara biyu, don ya gano modul, ma'aunin girman haƙori, ya samu 3.13. Babu modul irin wannan. Sai ya ce tsufa ne ko kuskuren awo, ya zana modul 3 mai faɗin 42. Wani kuma ya ce ai awon inci ne, ya tafi can ya ɓata. Alhali modul 3 ɗin ce, an gusa ta da x na 0.3, wato an ja wuƙa baya da milimita 0.9. Kaurin haƙorin asali kusan 5.4 ne, wanda yaron ya yanka 4.7. In aka ɗaura ta sai ka ji tana ƙara, akwai wasa tsakaninta da abokiyarta, ga gindi a ƙwaƙule. Mai injin ya biya kuɗin ƙarfe, ya biya na aiki, ga leburori zaune, bayan ɗan lokaci ya dawo da ɓacin rai. Wannan yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin sunan masu sana'ar gaba ɗaya ke ɓaci, har a riƙa cewa aikin gida ba ya ƙarko.

Gano gaskiyar ba wuya. Ka kama haƙora biyu da abin awo, ka auna daga gefen wannan zuwa gefen wancan. A giyar nan, in ba a gusa ba za ka samu kusan 13.8, in an gusa da 0.3 kuwa 14.4. Sannan ka auna nisan da ke tsakanin ramukan boris biyu a gidan giyar. Idan an ƙara wa ƙaramar giya 0.3 aka rage wa babbar abokiyarta 0.3, nisan ba ya canzawa. Idan ba a rage ba, dole nisan ya ƙaru, kuma ka san haka kafin ka taɓa kwamfuta.

Kada kuma a ce tunda gusawa na ƙara ƙarfi bari a zuba da yawa. Kan haƙorin ne zai yi tsini, ya riƙa ɓantarewa, musamman bayan an ƙona shi don ya yi tauri. Sai a duba gindin zanen da kyau, don wasu manhajojin ɗan baka kawai suke sawa a can, ba ainihin lanƙwasar da wuƙa ke bari ba. Mu masu tsofaffin wuƙaƙe takwas na kowane modul kuwa, an yi su ne don giyar da ba a gusa ba, rage zurfin yanka ba ya ba da siffar daidai. A nan ne yaran kwamfuta suka fi mu dama, in sun san abin da suke yi.

Roƙona ga malaman kwalejojin fasaha, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano, da sashen injiniya na Jami'ar Bayero, shi ne a riƙa miƙa wa ɗalibi tsohuwar giya ta gaske a hannu, a ce ya gano modul ɗinta da x ɗinta da awo kafin ya zana. Manhajar FreeCAD kyauta ce, kuma tana da gurbin x ɗin. Tsofaffin giyoyi kuwa suna nan jibge a shagunanmu, duk malamin da ya zo za mu ba shi.

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridar nan albarka.

Naku,
Wani mai yanka giya,
Sharaɗa, Kano.