Wasiƙa zuwa ga ɗana a birnin Faris

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ɗana, bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya kamar yadda muke a nan Damagaram. Mahaifiyarka ta shaida mini cewa tun da ka sauka Faris, yau mako shida ke nan, ba ka ci komai ba sai kilishin da ta ƙulla maka da taliyar da kake dafawa a ɗaki da daddare. Ita damuwarta kada ka rame. Ni kuwa damuwata ita ce kada ka gama karatu ka dawo ba ka san garin da ka zauna ba, domin na san tsoron da yake tsare ka a ɗaki, na kuma ɗanɗana shi lokacin da aka tura ni ƙaro ilimi na wata tara a 1995.

A makona na biyu na shiga wani ɗan gidan abinci kusa da makarantarmu, na ga wani abu mai kama da wainar ƙwai a kan ɓawon fulawa, wanda suke kira quiche lorraine. Na nuna da yatsa kawai, don kunya ta hana ni tambaya, kada a ce baƙauye ne. Sai da na ci rabi na lura da wasu gutsattsarin nama ja-ja a ciki, da na tambaya kuwa, mai abincin ta ce lardons ne, wato naman alade. Na ajiye cokali, na biya kuɗi, na fita ina istigfari. Matar ba ta da laifin komai, da na buɗe baki da ta gaya mini. Mai tambaya ba ya ɓata, saboda haka ka riƙa tambaya ba tare da jin nauyi ba, kuma ka haddace waɗannan kalmomi kamar sunanka: porc, jambon, lardons, saucisson da charcuterie. Ka sani kuma suna zuba giya a tukunya, don da jar giyar inabi ake dafa coq au vin da boeuf bourguignon, kuma kayan zaƙin nan baba au rhum a cikin barasa ake jiƙa shi. Inda ba ka natsu da yankan nama ba, ka ci kifi ko ƙwai ko ganye, naman halal kuma ka saye shi wajen mahautan unguwar Barbès ko Belleville.

Idan ka kiyaye wannan, abin da ya rage mai yawa ne, kuma da daɗi. Burodin nan dogo da ka saba da shi a wajen mai shayi daga wurinsu muka gaje shi, amma sai ka saye shi da sassafe a gidan burodin unguwa, da ɗuminsa, ɓawonsa yana ƙaras-ƙaras a hannu, ka shafa masa man shanu, sannan za ka gane dalilin da ya sa hukumar UNESCO ta sa sana'ar yin sa cikin al'adun da ake alkintawa a 2022. Ka gwada ratatouille, dahuwar kudancin ƙasar, wadda ake yi da gauta da tattasai da tumatir da albasa da man zaitun, da kuma gratin dauphinois, dankalin Turawa da ake yankawa siriri a gasa shi cikin madara mai kauri. Cukunsu ba irin busasshen nan na Abzin da muke ci da shayi ba ne. Ranar da aka fara buɗe mini Camembert na ɗauka wani abu ne ya mutu a ɗakin, amma kafin in dawo gida da kuɗina nake sayen sa. Ka fara da Comté, shi ne mai sauƙin kai, ka bar Roquefort, na nonon tumaki mai shuɗin tsatsa, sai harshenka ya yi ƙwari. Za ka ji abincinsu salam da farko saboda ba sa sa barkono, amma ina roƙon ka kada ka barbaɗa yajin mahaifiyarka kafin ka ɗanɗana, musamman a gidan wanda ya gayyace ka, don a wurinsu cin fuska ne ga mai girki. Nama kuma ka ce bien cuit, in ba haka ba da jininsa za a kawo maka.

Gidajen abincinsu suna da ƙa'ida. Abincin rana daga sha biyu ne zuwa biyu, na dare daga wajen bakwai, tsakanin nan kuwa a wurare da yawa an kashe murhu. Kada ka shiga ko ina ba ka ce bonjour ba, kamar yadda ba ka shiga zaure ba sallama, kuma ka dakata a nuna maka wurin zama. Da rana ka nemi plat du jour, wato dahuwar ranar, ita ce mafi araha. Ruwa ka ce une carafe d'eau, na famfo ne, mai tsabta, kyauta, haka ma burodin da ke kan tebur, ladan mai hidima kuma yana cikin farashin. Ba za a kawo maka takardar kuɗi ba sai ka nema, domin su cin abinci zama ne na hira, ba a korar mai ci. Sai dai ka tuna yuro ɗaya ya ɗan ɗara sefa 655, abincin yuro 15 ya kusa jaka goma ke nan, don haka kullum ka ci a kantin ɗalibai na CROUS, fita kuwa sau ɗaya a wata ta isa.

Jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda suka fara tun 1900, ba shi da wuya idan ka gane cewa sunan tashar ƙarshe shi ne yake nuna maka inda jirgi ya dosa. Ka sayi katin Navigo, kada ka taɓa tsallake shinge ko da ka ga wasu suna yi, don masu bincike ba sa jin magiya, tararsu kuma ta fi kuɗin cefanenka na mako. Wayarka da jakar kuɗinka su zauna a aljihun gaba. Amma ni da ƙafa na san Faris, ba da jirgi ba, kuma dole ce ta sa. A ƙarshen Nuwamba da cikin Disamban 1995 ma'aikatan sufuri suka shiga yajin aiki na kusan mako uku, jirage suka tsaya cik, na riƙa takawa cikin sanyin da jaura ba ta kai rabinsa ba, ina bin gaɓar kogin Seine ina ƙirga gadoji, har na fara gane unguwanni da idona. Ka ware Asabar ɗaya ka yi haka da gangan, da takalmi mai kauri.

Ranar Juma'a ka je Babban Masallacin Faris da aka buɗe a 1926, kusa da lambun Jardin des Plantes, bayan salla ka sha shayin na'ana'a a farfajiyarsa. Randa kewar miyar kuɓewa ta taso maka, ka hau layi na 4 ka sauka a Château Rouge, a kasuwar Dejean za ka sami kuɓewa da busasshen kifi da manja da attarugu.

Mahaifiyarka ta ce ka aiko mata hoton abincin farko da za ka ci a waje, ta gani da idonta. Ƙannenka da kakarka suna gaishe ka. Allah ya yi maka albarka, ya tsare ka, ya dawo mana da kai lafiya.

Wassalam,
Mahaifinka.