Roƙon Tallafi Domin Ajin Karatun Matan da Rikici Ya Raba da Garuruwansu

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Iyayenmu, malamanmu, 'yan kasuwa, ma'aikata da sauran 'yan uwa na gida da na nesa, wannan takarda ta fito ne daga kwamitin makarantar matan aure da ke ƙarƙashin masallacin Juma'a na unguwarmu a nan Gusau. Kun saba ganinmu da ƙoƙon barar siminti da kwanon rufi, kuma ba ku taɓa ba mu kunya ba, Allah Ya saka da alheri. Abin da ya kawo mu a wannan karo yana buƙatar bayani, domin idan ba a fahimci matsalar ba, za a ga kamar kwamiti yana neman kuɗi ne a kan abin da bai taka kara ya karya ba.

Da yawa daga cikin matan da ke ajinmu na yaƙi da jahilci ba 'yan asalin unguwar nan ba ne. Sun baro ƙauyukan Maradun, Maru, Zurmi, Shinkafi da Anka ne saboda hare-haren 'yan bindiga. A cikinsu akwai wadda aka kashe mijinta a gabanta, akwai wadda ta yi makonni a daji sai da aka sayar da gona da shanun huɗa aka biya kuɗin fansa, akwai kuma wadda har yau ba ta san inda ɗanta yake ba. Da ƙafarsu suka zo makaranta, kuma buƙatarsu a fili take: su iya karanta takardar asibiti, su duba saƙon da ya shigo waya ba tare da sun nemi yaron maƙwabta ya ji sirrinsu ba, su riƙe lissafin 'yar sana'ar awara ko ƙuli-ƙuli, su gyara karatun sallarsu.

Da aka yi 'yan watanni, malamai mata suka fara kawo ƙorafi cewa harafin da aka koyar jiya, yau an neme shi an rasa, kuma mace za ta zo kwana uku a jere sannan ta ɓace mako biyu ba labari. Mu a kwamiti muka ɗauka girma ne ya hana, ko kuwa rashin mayar da hankali, har muka ba da shawarar a ƙara matsa musu. Wannan kuskurenmu ne, kuma mun amsa shi.

Abin da ya buɗe mana ido ya faru ne wata ranar Talata bayan la'asar. Wata baiwar Allah tana tsakiyar rubuta harafin ɗ a littafinta, ta kai ga lanƙwasar da ke samansa, sai babura uku suka wuce ta bayan taga da gudu. Samarin unguwa ne kawai za su ɗaurin aure. Fensirin ya faɗi daga hannunta, ta ƙame, idonta a kan ƙofa, malama tana kiran sunanta ba ta ji. Da ta dawo hayyacinta sai ta ja mayafi ta fita, ba a sake ganinta ba sai bayan kwana goma. A ƙauyensu, ƙarar babura da yawa a tare ma'anarta ɗaya ce. Daga ranar ne malamai suka lura cewa akwai matan da ba sa yarda su zauna sun ba ƙofa baya, kuma idan aka buga sanda a kan allo don a yi shiru, rabin ajin yakan zabura.

Na biyun ya fi ciwo, domin mu ne muka jawo shi da kyakkyawar niyya. A darasin ƙirga, malama ta ce kowace ta rubuta adadin 'ya'yanta, tana ganin babu tambayar da ta fi wannan sauƙi ga uwa. Wata ɗaliba ta rubuta 6, ta goge, ta rubuta 4, ta sake gogewa har takardar ta huje, sannan ta kifa kai tana kuka. Ba ta san ko za ta ƙirga wanda aka binne da wanda bai dawo ba.

Da muka bincika, sai muka tarar masana sun daɗe da sanin wannan. Wata mai bincike 'yar ƙasar Kanada, Jenny Horsman, ta yi hira da malaman karatun manya da masu ba da shawara, ta wallafa littafi a 1999 a kan yadda tsoro ke hana matan da suka fuskanci cin zarafi koyo. Daga cikin abin da ta nuna akwai cewa irin wannan ɗaliba takan zauna a aji jikinta na nan amma hankalinta ya tafi, takan sha wahalar amincewa da mutane, kuma ƙaramin kuskure kan sa ta yanke cewa ba za ta taɓa iyawa ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Zuciyar da ta saba da haɗari takan kwana ta tashi tana gadi, tana sauraron kowane motsi, ga rashin barci da munanan mafarkai, sai ya zama ƙarfin da za a riƙe sabon harafi da shi ya ƙare a wajen tsaron rai. Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ya nuna cewa kusan mutum ɗaya cikin biyar a yankunan da ake rikici yana fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa, kamar ciwon damuwa, zullumi ko firgicin da ke biyo bayan masifa.

Dole kuma mu faɗi abin da ba a son faɗa. Ba duka firgicin ne daga daji ya zo ba. Hukumar ta ƙiyasta cewa kusan mace ɗaya cikin uku a duniya takan fuskanci duka ko cin zarafi a rayuwarta, kuma galibi daga hannun miji ko abokin zama. A ajinmu akwai 'yan gari da ba su taɓa gudun hijira ba, amma an daɗe ana ce musu jakai a cikin ɗakunansu har sun yarda, akwai kuma wadda bulalar da ta sha tana yarinya ce ta kore ta daga makaranta. Irin waɗannan, idan malama ta tsaya a kansu tana duba rubutu, hannunsu rawa yake yi.

Wasu iyayenmu sun ce iska ce, a yi musu ruƙiyya. Kwamiti bai raina addu'a ba, da ita muke buɗe aji, da ita muke rufewa. Amma neman magani ma umarnin addini ne, kuma akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware ta jihar Sakkwato, da likitoci a nan cikin gari da za su iya duba mai tsananin lalura. A farkon 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma amince cewa mai wannan lalura yana da haƙƙin a kula da shi cikin mutunci.

Babban abin da muke roƙo a kansa shi ne horar da malamanmu. Muna so mu gayyato ma'aikaciyar lafiya da ta san aikin, ta zauna da su na wasu kwanaki, ta koya musu agajin farko ga wanda hankalinsa ya tashi, wanda ginshiƙansa uku ne: a lura, a saurara, a haɗa mutum da inda zai sami taimako. Malama ba likita ba ce, kuma ba ma so ta riƙa tonon labarin da ɗaliba ba ta yi niyyar bayarwa ba. Abin da muke so shi ne ta san yadda za ta yi idan mace ta ƙame a tsakiyar darasi, da yadda za ta karɓi wadda ta dawo bayan ɓacewa ba tare da ta tsare ta da tambaya a gaban mutane ba. Su ma malaman suna komawa gida da nauyin abin da suka ji, ga alawus ɗinsu bai kai ya kawo ba, don haka muna so mu ƙara musu wani abu.

Sai kayan karatu. Yawancin abin da aka rubuta a kan wannan batu da Turanci yake, malamanmu kuwa Hausa da Larabci suka iya. Muna buƙatar kuɗin fassara da buga ɗan ƙaramin jagora na malamai, da sake rubuta darussanmu a cire tambayoyin da ke fama miki, a sa na kasuwa, girki da lissafin adashi. Akwai kuma gyaran ɗakin da ke can cikin haraba nesa da titi, da ƙofa ta biyu, labule, tabarmi da fitila mai aiki da hasken rana, da ladan dattijuwa ɗaya da za ta riƙe yara a kusa, domin uwar da ta taɓa rasa ɗa ba ta iya karatu idan ba ta jin muryar wanda ya rage. Ragowar zai shiga asusun kuɗin mota da magani ga waɗanda aka tura asibiti.

Wannan aiki ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta ga yaƙi da hijira tun tana ƙarama, kuma ita ce ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda take naɗa malamai mata, waɗanda ake kiran kowacce jaji, su kai karatu ga matan ƙauyuka ta hanyar waƙoƙin da ake haddacewa. Ya kuma tabbata a hadisi cewa mata sun roƙi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ware musu rana ta karatu, ya ware musu, kuma shi ne ya umarci masu koyarwa da su sauƙaƙa kada su tsananta.

Muna sanar da masu ba da taimako cewa ba za mu ɗauki hoton ɗalibanmu ba, ba kuma za mu bayar da sunan kowa ko labarinta ba, ko da hakan zai rage abin da za mu samu. Cikakken lissafin abin da ake buƙata yana manne a allon sanarwa na masallaci. Ana iya miƙa gudummawa ga ma'ajin kwamiti bayan sallar Juma'a, a karɓi rasit, kuma za a karanta abin da ya shigo da abin da aka kashe a Juma'ar farko ta kowane wata. Wanda ke da tabarma, littattafan rubutu ko buhun siminti yana iya kawowa ofishin makaranta tsakanin azahar da la'asar, haka nan ma'aikatan lafiya mata da za su iya ba da yini ɗaya a wata, muna roƙon su bar saƙo a wajen liman.

Allah Ya karɓa, Ya dawo mana da zaman lafiya.

Wassalamu alaikum.
Kwamitin Makarantar Matan Aure